Ƙwan Patrona

Ke, an fa buɗe ƙwan nan! Jiya Lahadi aka buɗe shi a can Suchitlán, da ɗan almakashin yanke wa jariri farce. A'a, kar ki tambaye ni abin da aka tarar a ciki tukuna, zauna. Rabonki da layinmu tun kafin a fara feshi, rabin labarin kika sani, shi ma a bakin 'yan gulma. Bari in kwantar da yaron nan in faro miki daga tushe.

Herlinda dai kin san ta, babbar 'yar Doña Casilda ta gida mai shuɗiyar ƙofa, wadda ke aikin tsince lemun tsami a kamfanin da ke hanyar fita Tecomán. Patrona ma kin san ta, ko da ba ki taɓa yarda kin leƙa ɗakin ba, gizo-gizon nan mai gashi, tarantula. Shekara tara ke nan da Herlinda ta sayar da 'yan kunnenta na zinare, waɗanda marigayi babanta ya saya mata ranar bikin cikarta shekara sha biyar, ta hau mota zuwa Guadalajara, ta dawo da ɗan ƙoƙon roba. A cikin ƙoƙon ƙasa ce cokali ɗaya, a cikin ƙasar wani abu ne da bai kai ƙwayar wake ba. Sai takardar gwamnati mai hatimi, wadda ta fi abin girma sau dubu.

Doña Casilda ta ɗaga ƙoƙon sama tana ƙanƙance ido, ta ce, "Ina abin da kika sayo ɗin?"

"Tana cikin rami, Mama."

"To madalla. Kin kai zinare an ba ki ƙasa."

Irin wannan ba su da yawa, kuma ba sa saurin girma. Sai da ta shekara tara kafin ta cika tafin hannu. Amma da ta cika ɗin, ke, ƙafafun nan shuɗi ne da kore suna sheƙi kamar wuyan zakara a rana, bayanta kuma ja kamar garwashi. Ko Doña Casilda takan tsaya daga bakin ƙofa ta kalla, ta yi alamar gicciye ta wuce. Ita ce ma ta sa mata suna Patrona, wato uwar ɗaki, wai tunda duk gidan ita ake wa bauta.

Kuma gaskiyarta ne. In Herlinda ta taso aiki ba ta shiga ɗaki sai ta tuɓe kayan aikin a tsakar gida, ta wanke hannu har gwiwa sau biyu, saboda lemun da take taɓawa duk da maganin ƙwari a jikinsa yake zuwa daga gona. Gyaren da Patrona ke ci ita take kiwonsu a bokiti, da karas da abincin kaji, ba ta yarda da na waje. Ruwan gora take zuba mata. Fanka ɗaya ce mai kyau a gidan, tana ɗakin Patrona, ita kuma Herlinda ta kwana tana juyi cikin zufa. Maganin sauro na hayaƙi kuwa, shekara tara ba a kunna shi a ɓangaren bayan gidan ba.

Duk wannan an saba. Inda abu ya ɓaci shi ne haihuwar Marisela, ƙanwarta, wadda muke kira Chela. Ta dawo gida haihuwa, yaro ya zo a gicciye, aka ce sai an yi aiki, kuma ba a samu gado a asibitin gwamnati ba sai na kuɗi. A makon nan wani mutum daga Guadalajara ya yi ta kiran Herlinda a waya yana taya Patrona da kuɗin da zai sayi babur sabo fil. Herlinda ta ce a'a. A lokacin Patrona na ɗauke da ƙwai, don Don Crisanto, mai kiwon da ya sayar mata da ita tun farko, ya aro mata namiji wata biyar kafin nan, a kan in an samu 'ya'ya a raba biyu. Ta ce a yi haƙuri, 'ya'yan za su fi babur biyar.

Chela daga kan gado ta ce, "To Yaya, ki gaya wa ɗana ya zauna a ciki har gizo-gizo ta haihu."

Leobardo, mijin Chela, shi ya sayar da babur ɗinsa aka ciro yaron, Tadeo. Tun daga ranar yake tafiya gona a bayan motar 'yan ƙwadago. Chela kuma tun daga ranar ba abin da ke haɗa ta da yayarta sai "miƙo gishiri".

Tadeo na da sati uku Patrona ta toshe bakin raminta da yana. Da Herlinda ta leƙa ta gefen gilashi bayan kwana biyu, sai ta ga farin ƙunshi kamar ƙaramin lemun tsami, Patrona ta rungume shi a ƙarƙashin fiƙoƙinta tana juya shi a hankali. Ta fita tsakar gida a kan yatsun ƙafa ta kira Don Crisanto. Yana can arewa wajen 'yarsa, an yi masa aikin ido, sai wata biyu zai dawo. Ya ce mata abu uku. Kar a haska mata fitila. Kar a buga ƙofa. Kar a kuskura a motsa akwatin gilashin nan ko da taki ɗaya. In ta tsorata cinye ƙwan za ta yi, tas, a wuni ɗaya. A bar mata shi kwana talatin, sannan a karɓa.

Herlinda ta naɗe bakin ƙofar ɗakin da tsumma. Ta roƙi Doña Casilda ta koma kirɓa barkono a gaban gida. Kowace safiya ta ja layi da alli a bango.

Ranar da ta ja layi na goma sha ɗaya aka daina jin muryar Don Fidencio mai tallan ruwan kwakwa. Kin san shi, ƙarfe bakwai yana bakin kwana. Aka ce zazzaɓi ne. Bayan kwana biyu aka ce denge ne, mai karya ƙashi, kuma jini ya fara fita ta dasashinsa. Layi na goma sha biyar aka ɗaura baƙin ƙyalle a ƙofarsa.

A yammacin nan aka fara jin motar feshi. Ba a layinmu ba, can wajen kasuwa, wannan ƙarar tata kamar ƙudan zuma dubu a cikin tulu. Washegari ta matso bayan makaranta. Herlinda na tsaye a tsakar gida da kayan aiki a hannu, tana ji ƙarar na kusantowa, ta yi nisa, ta sake kusantowa. Mutane suna ta buɗe ƙofofi da tagogi yadda aka saba, don hayaƙin ya shiga. Ita kuwa ta jiƙa zannuwan gado ta rataya a tagar baya, ta liƙe kowace kafa da leda. Ta ce a ranta wannan mai sauƙi ne, hayaƙin mota awa ɗaya ne ya baje.

Layi na goma sha bakwai, tana dawowa aiki, ta tarar da wata mata mai rigar ma'aikatan lafiya zaune a falo, Doña Casilda ta ba ta ruwan zoɓo. Chela na gefe da Tadeo cikin gidan sauro, jikinta sai ƙamshin man korar sauro.

Matar ta ce tunda an yi rashi a layin, kuma an samu ƙarin mutum biyu, gobe da safe gida-gida za a shiga. Bango za a fesa, ƙarƙashin gado, bayan kabad, kowane ɗaki. Maganin yana zama a bango wata biyu yana aiki.

Herlinda ta ce, "Ɗakin baya fa? In aka bar shi a rufe?"

"Me ke ciki?"

Chela ta riga ta. "Uwar ɗakinmu ce, ranki ya daɗe. Ƙafarta takwas."

Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce ba a yi wa kowa dole, mai gida na iya cewa a'a. Amma ɗakin da aka tsallake, mai duhu da sanyin fanka, nan sauron gidan gaba ɗaya zai koma. Kuma ko an tsallake shi, bango ɗaya ne, rufi ɗaya ne, ita ba ta ɗaukar alkawarin ran ko kyankyaso a cikin gidan nan. Ta dubi gidan sauron da Tadeo ke ciki, ta ce, "Satinsa nawa?"

 Doña Casilda ta ajiye kofi ta dubi Herlinda. Chela ma ita take kallo, ta kafe ta da ido, kamar mai jiran ta sake jin kalmar nan "a'a" da ta ji a asibiti.

 Kwana goma sha uku suka rage. Herlinda ta ce, "Ku zo goben. Ku fesa duka, har da na bayan."

Bayan matar ta fita ta koma tsakar gida ta kira Don Crisanto.  Ya ce in aka ɗaga akwatin da ƙwan a hannunta, an gama. Hanya ɗaya ce, a ƙwace ƙwan yau, a fitar da su daban-daban. Amma ƙwan kwana sha bakwai ruwa ne tsululu a ciki. Uwar juya shi take yi wuni da kwana, in aka bar shi a gefe ɗaya na ƙasa su manne su ruɓe, su ruɓar da sauran. Sai an samu hannun da zai riƙa juya shi duk bayan awa uku zuwa huɗu, har sati biyu da ɗoriya. "Ni dai ban taɓa cire na ƙasa da kwana ashirin da biyar ya yi ba," in ji shi. "Amma ki gwada, 'yata. Allah ya sa hannunki ya fi nawa."

Rana ta yi sanyi lokacin da ta shiga ɗakin. Ta wanke hannu sau uku. Ta ɗauko dogon hantsaki da cokali, ta ɗaga murfin gilashin, ta fara yaye yanar bakin ramin kaɗan-kaɗan. Shekara tara ba ta taɓa yi wa Patrona abin da ba ta so ba.

Da haske ya faɗa ramin, Patrona ta ja da baya da ƙunshin. Herlinda ta kama gefen yanar da hantsaki ta ja. Ke, ashe ƙarfi gare ta! Ta kafa ƙafafu shida a ƙasa, biyu a kan ƙwan, fiƙoƙin nan baƙaƙe sun fito suna dab da fatar ƙunshin. In ta soka sau ɗaya, shi ke nan. Herlinda ta sassauta. Patrona ta juya baya ta karkaɗo gashin nan nata da ƙafa, ya tashi kamar ƙura ya sauka a hannun Herlinda da wuyanta, nan take ya fara ci kamar an shafa barkono. Ba ta sosa ba. Ta zura cokalin tsakanin fiƙoƙin da ƙwan, tana magana ƙasa-ƙasa, "Haba uwar ɗakina, sakar mini, ba cutar ki zan yi ba, sakar mini mana." Fiƙa ta bugi cokali, ƙas! A daidai nan ta fizge.

Ƙunshin ya fito lafiya, ba huji. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin da ke ciki yana motsi kamar ruwa a leda.

Ta riga ta haɗa wurin ajiye shi yadda Don Crisanto ya ce, robar abinci mai murfi, ruwa kaɗan a ƙasa, an ɗaure safa a bakin robar kamar raga don ƙwan ya kwanta a kai ba tare da ya taɓa ruwa ba. Safar zuwa cocin Doña Casilda ce, sabuwa, tsohuwar ba ta ma sani ba sai daga baya.

Da Herlinda ta juyo sai ta ga Chela a bakin ƙofa da Tadeo a kafaɗa. Ba robar take kallo ba, akwatin take kallo. Patrona ta fito daga rami tana zagaye, tana taɓa kowane lungu da ƙafafun gaba, ta koma ramin, ta sake fitowa. Ta yi haka ya fi sau goma. Can ta isa wajen murfin kwalbar da ake zuba mata ruwa, ta taɓa shi, ta tsaya cak. Sai ta jawo shi ƙarƙashinta, ta rungume, ta fara juya shi a hankali.

Chela ta ce, "Me take yi?"

"Ta ɗauka shi ne."

Chela ta gyara wa Tadeo kwanciya ta bar wurin.

Wajen cin abinci Doña Casilda ta yanke magana. Chela da yaro ba za su zauna a layin da ake ɗaura baƙin ƙyalle ba, gobe da sassafe Leobardo zai aro mota ya kai su Suchitlán, gidan Gwaggo Otilia, can kan dutse inda sauro bai cika yawa ba. Patrona ta bi su, a ajiye ta a rumbun masara, tunda tana iya wata biyu ba ci. Saura ƙwan.

Herlinda ta ce za ta ɗauki hutu.

"A tsakiyar kakar lemo?" in ji tsohuwar. "Ki tafi sati biyu ki dawo ki tarar da wata a wurinki. Sai mu ci gyare, mu da uwar ɗakin taki." Ta yagi tortiya, wainar masara, ta nuna Chela da ita. "Wa ke tashi duk bayan awa uku a gidan nan, ko tana so ko ba ta so?"

Chela ta ce, "Mama, kar ma ki fara."

Herlinda ba ta ɗaga kai daga kwano ba. Ta ce, "Ba sai kin taɓa da hannu ba, da cokali ne. Ki ɗan mirgina shi kawai, in kin gama ba Tadeo nono. Sai dai hannun ba man sauro, ba turare. Kuma kar a fitar da shi daga robar, ko me za a yi."

"Ji ta, har da dokoki. Na ce miki zan yi ne?"

"Ba ki ce ba."

"To."

Da safe Leobardo ya ɗauki akwatin da bargo a kai, yana riƙe da shi nesa da jikinsa yana cewa, "Babur ɗina, ashe haka kika yi nauyi." Herlinda ta miƙa wa Chela robar ta tagar mota. Chela ta karɓa ta ajiye a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Mota ta tashi. Herlinda na tsaye har ta sha kwana, sai ga masu feshi sun shigo layin da tankuna a baya da takunkumi a fuska.

Washegari tsakar gidan duk gawar kyankyaso ce da tsaka, sun yi rigingine. Gyaren da ta manta a bokiti ko ɗaya bai yi rai ba. Ta share su ta zubar. Ɗakin baya ya zama fayau, sai layukan alli goma sha bakwai a bango da warin magani.

Ta tura wa Chela saƙo, "Kun isa?" Aka ce, "Eh." Ta ce, "Kin juya?" Shiru.

Kwana huɗu bayan nan, tana tsaye wurin aiki lemo na wucewa a gabanta, sai ta ji kamar an soka mata yatsa a bayan ido. Kafin azahar ta kasa ɗaga hannu. A asibiti aka ce denge ne, tun kafin a yi feshi sauro ya cije ta. Aka ce ta kwanta cikin gidan sauro, ta yi ta shan ruwa, in ta ga jini a dasashi a dawo da ita da gudu. Kuma kar ta je kusa da jariri.

Haka ta kwanta, kowace gaɓa kamar ana sara. Doña Casilda ta dawo mata da fankar Patrona, ta kunna kyandir a gaban hoton Uwar Guadalupe, duk safiya ta ɗaga mata leɓe ta duba dasashi. Ita kuwa Herlinda agogon bango take kallo. In ya buga tara ta ce yanzu ne. In ya buga sha biyu ta ce yanzu ne. In ta rufe ido sai ta ga farin ƙunshin kwance a gefe ɗaya, ƙasansa na yin baƙi yana hawa sama.

Ta kira Chela, ba a ɗauka ba. Leobardo ya je ran Lahadi ya dawo, ta tambaye shi, ya ce shi ɗansa ya je gani, bai ga wani ƙwai ba, bai kuma tambaya ba. A rana ta takwas, zazzaɓin ya ɗan sauka, ta samu Gwaggo Otilia a waya.

"Linda, 'yar nan, ya jikin? Mu nan ruwa ake ta yi, sanyi ya sauko kamar Disamba, har na fito da bargunan ulu."

"Gwaggo, robar nan fa da Chela ta zo da ita? Mai safa a baki?"

"Au, mai jan murfi? Ai tun washegarin zuwansu na gan ta a buɗe ba komai ciki. Na wanke na jiƙa wake. Robar kirki ce. Taki ce?"

Herlinda ta ajiye wayar a kan ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta fuskanci bango, har yamma ba ta karɓi ko kunun masara ba. Doña Casilda ta tsorata ta zo ɗaga mata leɓe, ta ture hannun.

Jiya ne likita ya ce ta warke, tana iya tafiya. Ta ce za ta je ta ɗauko Patrona ta kai gidan wata abokiyar aikinta da ba a yi musu feshi ba, ba ta ce komai a kan ƙwan ba. Ta rame, wando sai da ta ɗaure da igiya. Ta hau mota zuwa Colima, ta sake wata zuwa kan dutsen. Hazo ya rufe gonakin kofi, tana hawa tana hutawa.

Ta tarar da Chela a baranda a kan kujera, ta naɗe Tadeo a jikinta da babban mayafin goyo, rebozo. A gefen murhu ga robar nan mai jan murfi cike da wake.

Suka gaisa kamar baƙi. Chela ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Kin zama kamar sandar mopa."

"Na gode. Ina makullin rumbu?"

"Ba za ki tambaye ni ba?"

"Gwaggo ta gaya mini."

"Gwaggo me ta sani?" Chela ta waiga ta ga Leobardo na can bayan gida yana faskare, sannan ta zura hannu cikin naɗin mayafin, wajen ƙafafun Tadeo, ta zaro ɗan ƙoƙon roba irin wanda ake zuba yaji a wurin masu tako, wainar masarar nan mai nama a ciki. An huda murfin da allura. A ciki takarda ce mai danshi, a kan takardar ga ƙunshin, ya ɗan yi ruwan ƙasa.

Herlinda ta nemi wuri ta zauna a kan dakali.

Chela ta fara magana da sauri, kamar yarinyar da aka kama. Wai tun safiyar farko ta taɓa robar ta ji ta kamar ƙanƙara, ga raɓa ta taru a murfi tana ɗiga a kan ƙwan. Ta ce abin da aka haifa a zafin Tecomán ba zai kai labari a nan ba. Ta rasa inda ke da ɗumi ba zafi ba, sai jikin yaron. "Kin ce kar a fitar, na fitar. Shi ya sa ban ɗauki wayarki ba, na san masifa za ki yi, ga ki ba lafiya. Leobardo ma bai sani ba, da ya sani da ya jefa mu duka a kwari. Kwana goma sha tara, Yaya, ko man shafawa ban shafa ba, dubi hannuna kamar na kada. In na juya Tadeo daga wannan nono zuwa wancan, sai in juya shi. Amma ban sani ba ko da rai. Tun shekaranjiya na daina jin ruwan nan yana motsi."

Herlinda ta ce a kawo almakashi da faranti. Da ta zo yankawa hannunta na rawa, ragowar ciwon, tsinin almakashin sai kaɗawa yake. Ta gwada sau biyu ta ajiye.

"Kawo nan," in ji Chela. "Ni da nake yanke farcen wannan yana fizge-fizge."

Ta ɗaga fatar ƙunshin da hantsaki, ta ɗan tsaga, ta buɗa. Abin da suka fara gani baƙi ne, dunƙule guda kamar ƙwayar barkono, a manne. Wani ɗan wari ya taso. Herlinda ta rufe ido.

"Tsaya mana," in ji Chela. Ta cire baƙin ta ajiye gefe, ta karkata ƙunshin a kan takarda.

Ke! Sai ga su suna gangarowa kamar an tsinke tsakiya, ƙanana, ruwan madara, kowanne da ƙafafu takwas sirara kamar gashin ido manne a jikinsa. Suka baje a faranti suka yi tsit.  Can ɗaya ya miƙe ƙafa ya lanƙwashe. Na kusa da shi ma ya yi. Kafin ka ce me, farantin gaba ɗaya motsi yake.

Gwaggo Otilia ta leƙo ta kurma ihu ta yar da ludayi. Leobardo ya shigo da gatari a hannu. Da ya gane inda abin ya kwana sati biyu da rabi, sai ya dubi matarsa, ya dubi ƙafafun ɗansa, ya saki baki.

Chela ta ce, "Rufe bakin, babur ɗinka ne ke motsa ƙafa."

Waɗanda suka lalace ba su kai ashirin ba. Masu rai sun haura ɗari biyu, Herlinda ta ƙirga ta tura wa Don Crisanto hoto, tsohon ya kira yana ta cewa a maimaita masa a ina aka ce an ajiye. Herlinda ta ce wa Chela rabonta na farko da aka sayar na Leobardo ne, har sai ya hau babur. Chela ta ce wannan tsakaninsu ne, ita dai a saya mata man shafawa babbar kwalba. Sannan ta ce, "Je ki gai da uwar ɗakinki, kullum sai na leƙa ta daga bakin ƙofa. Har yau tana rungume da murfin nan, ni abin ya hana ni sakewa."

Patrona da 'ya'yan nata suna can dukansu yanzu, sai maganin bangon gidan ya huce za su sauko. To ga abin da ya sa na tare ki. Nan da 'yan makonni kowane ɗaya sai an ware masa wurinsa, in ba haka ba cinye juna za su yi, kuma ƙoƙon yajin nan na masu tako shi ne daidai su. Fiye da ɗari biyu ake nema, da murafansu. Don Allah ki gaya wa matan wurin aikinku da na layin coci, duk mai irinsu ta ɗauraye da ruwa zalla, ban da sabulu mai ƙamshi, ta kawo mini in haɗa. Amma ki ja musu kunne, wanda ya kwana a gidan da aka yi feshi kar a kawo.